Askin da Hester Ta Yi wa Mijinta

Daga London wani sunan tsokana ya taso. Samari masu koyon sana'a suka rage gashi ƙwarai, suka cika ƙofar majalisa da ihun goyon bayanta a rigimarta da sarki. Mutanen sarki, masu gashi har kafaɗa, suka kwashe da dariya suka ce, "Ji masu mulmulallen kai!" Kafin shekara ta zagayo, haka ake kiran duk mai gāba da sarki.

Gilbert kafinta kuwa ɗan gani-kashe-nin sarki ne, ga gashi kamar jelar doki. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, matarsa Hester ta ɗauko almakashi, wai kwarkwata ta yi yawa.

"Bar mini kaina, Hester," ya ce da ƙyar.

"Rufe mini baki, maigida. Gashi ne, zai fito."

Kwarkwatar dai akwai ta. Amma Hester ta san abin da ya ba hannunta ƙarfi. Bazawarar da ke sayar da cuku ta yabi gashin nan a kasuwa, shi kuma gogan naka ya washe baki har kunne.

Bai gama warwarewa ba mahayan sarki suka shigo ƙauyen neman hatsi. Gilbert ya lallaɓo ƙofa, ya cire hula don girmamawa.

"Allah ya ja zamanin sarki!"

Sajan ɗinsu ya shafa kan. "Kai jama'a, ku zo ku ga kabewa tana gaisuwa! Wa ya yi maka aski, 'yan majalisa?"

Hester ta zube tana rantsuwa ita ce ta yi askin, cuta ce, kwarkwata ce.

"Kowacce haka take cewa, baiwar Allah," in ji sajan.

Suka jefa shi a keken hatsi ba ko hula. Sanyin kurkuku ya ƙarasa abin da zazzaɓi ya fara.

Bayan jana'iza, maƙwabcinsu Amos masaƙi, wanda Gilbert ya daina gaisarwa saboda yana bayan majalisa, ya shigo da buhun gari a kafaɗa.

"'Yan'uwa ne suka haɗa," ya ce a hankali. "Ashe namu ne, bai taɓa faɗa ba. Mu da muke ɓoye kanmu a hula, ya ba mu kunya."

Hester ta dubi buhun. Askinta ya kashe mijinta, yanzu kuma za ta sayar da sunansa ga mutanen da ya tsana. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta ga 'ya'yanta sun zuba wa buhun ido.

"Ajiye shi can kusa da murhu," ta ce.