Injin Aro

"Ku ja mana! So kuke baƙuwa ta zo ta ga tsatsa?"

Teófila ce ke faɗa, gumi sharkaf, mata huɗu na jan mataccen injin kwalekwalen ƙungiyarsu zuwa bayan ɗakin gasa rogo. Shekara tara matan ƙabilar Garifuna na ƙauyen suna tsallaka tafki da marasa lafiya zuwa asibiti. Wata biyar ke nan da injin ya mutu. Yau jami'ar wata gidauniya za ta zo daga birni ta duba ko sun cancanci tallafi.

Nicasia, ƙanwarta mai ciwon asma, tana zaune tana kallonsu. "Yaya, kanki ɗaya kuwa? Inji muke roƙo, kuma shi muke ɓoyewa?"

"A garin nan ba a tarbar baƙo da tsumma. Ba a kaina za a fara ba."

Suka ari sabon injin Cirilo masunci, suka kwaso kujerun coci, suka daka ayaba, suka yi miyar kifi da kwakwa. Jami'ar ta ci har da ƙari. Teófila ta yi ta jira, don ba a roƙon baƙo yana cin abinci. Jami'ar na wanke hannu kuwa ta duba agogo ta miƙe.

"Kai, Mama, injin nan naku kamar jirgin sama!" in ji ta cikin kwalekwalen a hanyar komawa.

Teófila ta buɗe baki, kunya ta rufe mata shi.

*

Bayan wata biyu takarda ta iso. An gano ba su da matsalar sufuri. Abin da suka rasa shi ne ƙwarewar shugabanci. An ba wata babbar ƙungiya ta birni kuɗin don ta horar da su kwana uku a otal.

Teófila ta buga waya. "'Yar nan, injin fa na aro ne! Horo zai tura kwalekwale?"

"Ayya, Mama, rahoto ya riga ya wuce. Ku sake nema baɗi."

Ta je horon. Wani saurayi da bai taɓa riƙe filafili ba ya koya musu zana manufa a kan allo. Aka ba ta takardar shaida mai zinariyar baki.

*

Ranar wata Talata da hantsi numfashin Nicasia ya sarƙe. Cirilo yana can teku da injinsa. Mata huɗu suka kama filafili. Tafiyar minti arba'in ta cinye awa uku, suna hango rufin asibiti Nicasia ta saki hannun yayarta.

Bayan kwana tara na makoki, Teófila ta jawo mataccen injin ita kaɗai, ta ajiye shi a bakin ƙofar ƙungiya, inda duk mai shigowa sai ya tsallake shi. Baƙin mai yana ɗiga a ƙasa. Ta ɗauko takardar shaidar ta shimfiɗa masa.