Faɗan Takalmi

Darakta ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninsu, ya yi mata alama da hannu ta dakata. Ta sake makara. A allon da ke gabanta, matar cikin fim ta riga ta wurga takalmin mijinta ta taga, bakinta ya buɗe ya rufe, ita kuwa ba ta ce uffan ba.

"Anti, lafiya kuwa? Yau kamar ba ke ba."

Ta ce lafiya lau, a mayar da wurin baya. Ta gyara abin sauraren da ke kunnenta, ta matso kusa da makirfo.

Sana'arta ke nan, ɗora murya a finafinan ƙasashen waje da ake fassarawa. Wannan na barkwanci ne, labarin wani miji da mata da ba sa rufa wata ba su rabu ba. Sun rabu a kan gishiri, sun rabu a kan kyanwa, sun rabu a kan wa zai tashi ya kashe fitila. Kullum mijin ya ɗora katifarsa a ka ya fice, kullum ya dawo da ita a ka, ya tsaya bakin ƙofa yana roƙon a taimaka a sauke masa.

Muryar mijin ta Dogo ce, tsohon mijinta, baban 'yarta. A wannan ɗan ɗakin mai bangon soso suka haɗu, lokacin makirfo ɗaya ake da shi, sai sun haɗa kafaɗa kafin muryarsu ta shiga daidai. Masu kallo suka saba da su har ba sa son jin ɗaya babu ɗaya. Tasu rabuwar ba ta da abin dariya, ba ta ma da abin ba da labari. Ƙananan maganganu ne suka taru, aka daina faɗa, aka koma gaisuwa. Ranar da ya furta saki, ya koma wajen yayansa, kowa ya zauna jiran ɗan'uwansa ya fara kira, har lokacin kome ya wuce. Tun daga nan Darakta ya raba musu ranaku. Dogo ya zo ya ɗauki nasa, ita ta biyo baya ta cike gurbin.

Saboda haka yau yana cikin kunnenta tun safe. Ta ji mura na damunsa, duk da ya ɓoye ta yadda ba wanda zai gane. Ta ji inda yake haɗiye dariya. Abin da ke sa ta makara kuwa, gurbin da yake bar mata ne. Bayan kowace magana sai ya yi shiru daidai tsawon numfashinta, ba daɗi ba ragi, kamar yana ganin ta. Sai ta tsaya sauraren shirun, layinta ya wuce.

Da suka fita hutu ta zauna a benci a baranda, ta cire takalminta. Darakta ya kawo mata ruwa ya zauna daga gefe. Dattijo ne mai tumbi da son zolaya, shi ya koya musu aikin su biyun. Ya ce wurin faɗan takalmin nan da wuya, domin miji da mata duk magana suke a lokaci ɗaya, wannan na hawa kan wannan. Da can, in ji shi, irin wannan tare ake tsayawa a yi shi, a gama kafin shayi ya huce.

Ta shanye ruwan, ta mayar da takalminta. Amma maganar ta bi ta har cikin ɗakin.

Da aka dawo, ta san sarai inda za ta shiga, amma ta shigo da wuri. Aka sake, ta ja kalma ɗaya ta yi tsawo. Aka sake, ta yi tari. Ita kanta kunya ta kama ta, mace da girmanta tana ɓata aiki da gangan kamar 'yar makaranta. Ta cire abin sauraren, ta ce ba tare da ta dubi gilashin ba, wurin nan fa ba zai yiwu a rarrabe ba. In dai don aiki ne, ita ba ta da damuwa, a kira shi su tsaya tare.

Darakta ya daɗe yana murɗa wani maɓalli da ba ya bukatar murɗawa.

"Bai gaya miki ba ke nan."

Ya ce Dogo ya samu aiki a wani gidan rediyo a can nesa, tafiyar yini guda. Shi ya sa ya zauna ya ɗauke nasa duka har ƙarshen fim. Yau da yamma zai tashi. Dogon ya ce da bakinsa zai sanar da ita.

Ta ce to. Ta mayar da abin sauraren, ta ce a saka.

Matar fim ta ɗaga takalmi, mijin ya ce a bar masa ko ƙafa ɗaya ce, ya samu na zuwa neman wata matar. Ta shiga daidai gurbinta. Ta hau shi da masifa, ya kare, ta katse shi, ya katse ta, ta ce ya kwashe katifarsa da munsharinsa, ya ce munsharin ai gadon gidansu ne, ba ya barin sa a hannun bare. Har wurin ya ƙare ba ta yi tuntuɓe ba. Ta cikin gilashi ta ga tumbin Darakta na rawa.

Ya sake kunna musu su ji. Muryoyin biyu suka cika ɗakin, suna cusa kai cikin juna. Duk wanda ya ji zai rantse kafaɗa da kafaɗa suka tsaya. Darakta ya share hawayen dariya ya ce wannan ko a da ba su yi kamarsa ba. Ta yi murmushi, ta ɗauki jakarta.

Tana tsaye a bakin titi tana jiran bas wayarta ta yi ƙara. Dogo ne. Bayan muryarsa tana jin hayaniyar tasha, masu talla da masu kiran fasinja. Suka gaisa kamar maƙwabta. Ya ce ya biya ta makarantar yarinya sun yi sallama, ta yi kuka kaɗan, ya yi mata alkawarin zuwa duk hutu. Ya ce ya so ya kira tun tuni, bai san ta inda zai fara ba. Ta ce ta ji a bakin Darakta, Allah ya sanya alheri.

Bas ɗin unguwarsu ta tsaya a gabanta, kwandasta ya dube ta, ta girgiza kai.

Ya tambayi yadda faɗan takalmi ya fita. Ta ce ya fita. Ya ce ya ji tsoron ko ya cika sauri a wajen munshari. Ta ce a'a, daidai ne. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya soma ba ta labarin mutumin da ke kusa da shi a mota, wanda ya rungume talabijin a cinya ya ƙi yarda a sa ta a wurin kaya a bayan mota. Labarin ba wani labari ba ne, amma ya ja shi, ita ma ta yi ta tambaya, wace irin talabijin, babba ce ko ƙarama. Wata bas ta zo ta wuce.

"Ba ku tashi ba har yanzu?"

"Motar ba ta cika ba."

"Saura mutum nawa?"

Ta ji ya juya yana dubawa.

"Ɗaya," in ji shi.

Ya yi shiru, irin shirun nan daidai tsawon numfashinta. Ta matse wayar a kunne, ta dubi titi, ta dubi ƙafafunta.

"Allah ya kawo shi da wuri," ta ce.

Ya ce amin. Bai kashe ba, ita ma ba ta kashe ba. Ta koma gindin wani shago inda ƙarar motoci ba ta da yawa, ta tsaya tana sauraren tashar, duk fasinjan da ta ji an kira sai gabanta ya faɗi.