Gurbin Mai Ganga

'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, sun riga sun ciccibo tsohon keken ɗinkin har bakin matattakala, na gaba yana cewa "sassauto ta nan", na baya yana haki, sai ƙofar da ke kusa da ta Anti Tela ta buɗe. 'Yar maƙwabcinta Baba Fiyano ce ta leƙo, wadda take aikin jinya a wani gari mai nisa. Idanunta sun yi jawur don rashin barci.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Wai in ji Baba a ajiye."

"A ajiye me?"

"Keken. Ya ji ana jan ƙafarsa a ƙasa, ya ce ya gane shi."

Anti Tela ta riƙe ƙugu. Ikon Allah! Mutumin da ya daina cin abinci, wanda likita ya riga ya ce wa 'yarsa sai dai addu'a, shi ne yake da ƙarfin sa baki a cikin tarkacen ɗakinta? Ta ce wa 'yan gwangwan su jira, ta gyara ɗaurin kallabinta ta shiga, da niyyar ta gaya masa magana ɗaya mai laushi amma wadda za ta ishe shi.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma bangon nan bai taɓa ɓoye sirrin kowa ba. Tun tana matashiya da goyo, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta tare a gidan benen nan da keken ƙafa da uwarta ta bar mata. Ta tarar da shi a nan, shi da fiyanonsa. Kowace safiya in ya sha shayi sai ya buɗe murfi ya fara wannan kiɗan nasu na jaz, wanda ita ba ta taɓa gane kansa da gindinsa ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda zai yi ta zuba kiɗa kamar gaske, sai kuma ya tsaya cak. Shiru. Ita kuwa sai ta ce a ranta, "Tsohon nan ya sake mantawa," ta danna ƙafa a kan feda da ƙarfi, ta ci ɗinkinta kafin ya tuna. Da ta ɗaga ƙafa don ta juya yadi, sai ya ci gaba. A haka ta yaye ɗanta, a haka ta sa shi makaranta, a haka furfura ta fito mata.

Bara ɗan nata ya sayo mata keken lantarki. Ta tura tsohon lungu, ta jibga masa ƙyallaye. Ba a jima ba fiyanon ya yi shiru. Ta ce ciwo ne. Makon farko ta ji sakayau, daga baya kuma safiya ta riƙa yi mata tsawo, amma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa wa kowa ba.

Ɗakin Baba yana warin man zafi da tsohuwar takarda. Fiyanon ya cinye rabin ɗakin, murfinsa a rufe, kwalaben magani jere a kansa. A bango ga hotonsa yana saurayi cikin farar kwat, gashi ya sha mai, gefensa mai ƙaho, bayansu wani siririn mutum ya ɗaga sandunan ganga biyu yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Labarin hoton nan ba wanda bai sani ba a gidan, domin Baba ya sha tare mutane a matattakala da shi: yadda suka yi kiɗa a manyan otal-otal da cikin jirgin ruwa, yadda gidan rediyo ke sa su ranar hutu, yadda mata ke cire takalma su yi rawa har a kashe fitilu. Sannan otal-otal suka gano faifai ba ya neman abinci ba ya gajiya. Mai ƙaho ya koma tuƙin mota. Baba ya koma koyar da 'ya'yan masu hali waɗanda ba sa son koyo. Mai gangar, wanda suke kira Ƙwaro don ba ya iya zama wuri ɗaya, shi ya riga kowa tafiya.

Yanzu ga mai farar kwat ɗin kwance, ya zama ɗan mitsitsi a cikin bargo.

"Maƙwabciya," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ashe mai gangata za ki sayar?"

"Baba, keke ne. Bel ɗinsa ma ya tsinke."

"Zauna."

Ta zauna a bakin kujera.

"Kiɗanmu ba mutum ɗaya ke yinsa ba. Hira ce. Ka faɗi taka, ka yi shiru, ka bar wa mai ganga fili ya ba ka amsa. Da Ƙwaro ya rasu, in na zo gurbinsa sai in tsaya, hannuna ya ƙi wucewa. Ina nan zaune rannan, na tsaya, sai na ji ta bango, taka-taka-taka-tak. Na ce, kai! Wa ya aiko min wannan?"

Ya ga yadda Anti Tela ta zaro ido.

"Kina nufin duk shekarun nan ba ki sani ba?"

"Ni fa cewa nake mantawa kake yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, 'yarsa ta taho da ruwa. "Mantawa! Ni? Jira nake ki gama."

"Baba, wallahi don haushi nake takawa."

"Shi ma Ƙwaro da haushi yake bugawa. Gani yake duk 'yan matan ni suke kallo." Ya lumshe ido. "Wannan sabon naki kuwa, zuuu kamar sauro. Ba ya numfashi. Ina za ka sa magana da abin da ba ya numfashi?"

Kunya ta kama ta, da wani baƙin ciki da ba ta shirya masa ba. Shekara da shekaru ana yi mata magana ta bango, tana amsawa da tsaki, kuma ranar da ta samu sabon keke ta katse hirar ba ko sallama.

A bakin ƙofa 'yar ta rage murya. "Gobe da safe mota za ta zo, zan tafi da shi wajena. Fiyanon ba zai bi mu ba. Na yi na yi ya taɓa shi ko sau ɗaya kafin mu tafi, ya ƙi."

Anti Tela ta fita ta ce wa 'yan gwangwan ta fasa.

"Haba Anti! Bayan mun kusa karya baya?"

"Ku kawo shi nan ɗakin Baba."

"A'a," muryar tsohon ta fito daga ciki. "A mayar da shi inda yake. Jikin bango."

Suka mayar suna ƙunƙuni. Ta goge ƙura, ta ɗiga mai a kowace kafa, ta huda bakin bel ɗin biyu da ƙusa ta haɗe su da waya, kamar yadda uwarta ke yi. Ta taka a hankali, ya juya. Sai ga 'yar ta sake leƙowa, tana murmushi tana share ido.

"Wai ki sa zare da yadi. Ya ce keken da ba ya ɗinki ƙarya yake yi, yana jin bambancin."

"Ji min tsoho da iyayi," in ji Anti Tela, tana zura zare a allura. Ta jawo labulen wata mata da ke jiran kalmasa, ta daidaita bakinsa a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafafu a feda, ta jira.

Ta ji ana jan kujera. Ta ji ana kwashe kwalabe. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan labulen. Shirun ya yi tsawo har ta fara tsoron ko ya kasa.

Sai kiɗan ya zo. Ba ƙarfi, yatsun suna tuntuɓe nan da can, amma shi ne, wanda ta sani kamar tafin hannunta ba tare da ta san ta san shi ba. Ya hau, ya gangaro, ya ɗan yi tsokana, ya tsaya cak.

Ta taka. Taka-taka-taka-tak. Ta ɗaga ƙafa.

Ya amsa, har da wani ɗan ƙarin gishiri a ƙarshe, ta ji kamar dariya yake mata. Ya tsaya. Wannan karon ta taka a hankali, ta yi sauri, ta katse inda bai zata ba. Ta bango ta ji ya ce, "Yawwa!" Hawaye suka hana ta ganin layin ɗinki, kalmasar ta karkace, ba ta damu ba. Suka yi ta yi har labulen ya ƙare ta juyo shi ta sake bin inda ta riga ta ɗinke. 'Yan gwangwan da suka ce sauri suke yi, suna nan zaune a matattakala.

Da ya rufe kiɗan, ta ji ya ce wa 'yarsa ta haɗa masa shayi, da madara sosai.

Motar ta zo da safe kamar yadda aka shirya, amma ba ta same shi ba. Ya cika tun kafin 'yarsa ta gama haɗa kaya, yana kwance fuskarsa na kallon bango. Anti Tela ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta, har matan gidan suna mamaki, domin kowa ya san ba ta da abokin faɗa kamarsa.

Bayan makonni wata makaranta ta aiko aka sauke fiyanon da igiya ta taga. Aka yi wa ɗakin fenti. Ɗanta ya zo ya tarar da keken lantarkin a lulluɓe, ya tambaya ko ya lalace ne, ta ce lafiyarsa ƙalau.

Da safe ta sha shayi, ta zauna jikin bango da rigar wata yarinya. Ta taka, allura ta bi yadi tiryan-tiryan. A tsakiyar layi ƙafafunta suka tsaya da kansu. Allurar na cikin yadi, hannunta na kan keken, kanta ya ɗan karkata wajen bango.