Ɗan Farina da Na'urar Rabon Ruwa

Ɗan farina ba ya zama inda nake, ni kuma ba na faɗin sunansa. Haka na tarar ana yi a gidanmu, haka na yi. Tun yana yaro, in ina son ya yi abu, uwarsa Barira nake gaya wa, ita kuma ta aiki wani, don ita ma ba ta kiran sunan. Saƙo yana isa. Ba mu taɓa yin asarar komai ba saboda wannan.

Gonata tana ƙarshen kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Alkama da rani, shinkafa da damina, tumatir in na ga alamar kasuwa. Sauran 'ya'yana mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Gwiwata ta dama ta fara ƙin tsallake kanal. Kowa ya san wanda ya kamata ya karɓi gonar. Shi kuwa ya yi boko har Zariya, ya dawo aka ɗauke shi a wani ofishi na masu rabon ruwa, aka ajiye masa na'urar da ake kira kwamfuta. A shekarar tamanin da takwas ke nan.

Aikin na gwaji ne. An ce ya rubuta wa na'urar umarni, layi bayan layi, yadda za ta riƙa fitar da ranar ban ruwan kowace gona da yawan ruwan da za a ba ta. In ta yi aiki kafin a saki ruwan alkama, za a wuce da shi Kaduna, ba za mu riƙa ganinsa ba sai da Sallah. In ba ta yi ba, a sallame shi, ya dawo gida. Barira ce ta gaya min tana kallon bango. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Na san wanda nake ganin ya fi alheri. A makon na kai wa maƙeri fartanya ya sake mata ƙota.

Wata safiya ruwa bai iso irin tumatir ɗina ba, na tafi ofishin in yi magana. Babbansu ba ya nan. Mataimakinsa Kefas, wani dogon injiniya mutumin Fankshin mai yawan dariya, ya ce in jira a ɗakin da ya fi sanyi. Ya buɗe min ƙofa. Yaron ne a ciki.

Ya miƙe har kujerar ta kusa faɗuwa, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ni kuma ba na shiga ɗaki in juya, sai a ce gudu na yi. Kujera ɗaya ce, na zauna a kanta. Ga na'urar a gabana, akwati ne da gilashi mai koren rubutu. Sanyin ɗakin domin ta aka yi shi, ba domin mutane ba. Kefas ba ya iya zama da shiru.

"Ibrahimu, nuna wa Baba abin da kake yi mana. Ka ga ya zo har nan."

Ba don wannan na zo ba, amma na gyara zama. Yaron ya fara bayani daga ƙasa, idonsa a kan ƙafar tebur. Ya ce matsalar da ta hana shi barci ita ce, lissafin kanal na farko yana fita daidai, na biyu ya yi yawa, kafin a kai ƙarshe na'urar ta ba gona guda ruwan da zai ci garin Kura da masallacinsa. Ya ce a nan tana ɗaukar gonar farko, ta tara ruwanta a wuri guda, ta ɗauki ta biyu ta ƙara a kai, har kanal ya ƙare. Sannan ta koma kanal na biyu, ta ɗauki gonar farko, ta ƙara a kan...

Ya tsaya. Ya ce, ba da ni yake ba, "Ban zubar da na farkon ba."

Ya miƙa hannu sama daga durƙuson, ya danna wasu haruffa. Lambobi suka zubo. Kefas ya leƙa ya tafa hannu, ya ce kwana da kwanaki suna neman wannan.

Na ce wa Kefas, "Ka ce masa ruwana bai zo ba." Na tafi gida.

Washegari Kefas ya zo har gona a kan babur. Ya gaishe ni yadda ya kamata, ya yaba tumatir ɗin da ya kusa mutuwa, sannan ya roƙe ni in riƙa zuwa da safe. Ya ce in yaron yana yi masa bayani, shi yana sa baki da shawara, su rikice tare. Yaron ya gwada yi wa bango bayanin, ya ji kunya ya daina. Ya gwada masinja, masinja ya yi barci. Amma a gabana ba ya iya tsallake komai, ba ya cewa wannan a fili yake, sai ya bi layi-layi kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, a nan kuskuren ke fitowa. Na tambaye shi me zan yi in na je. Ya ce babu komai, zama kawai. Na ce wannan na iya.

Na riƙa zuwa da babbar riga saboda sanyi. An kawo kujera ta biyu, yaron bai taɓa hawa ba. Aka shimfiɗa masa kwali a ƙasa.

Matsalolin ba iri ɗaya ba ne. Akwai ranar da na'urar ta riƙa tsayawa cak a wuri guda, ta rubuta wata gajeriyar magana da Turanci, ta ƙi gaba. Ya sa ta riƙa faɗin sunan kowace gona da ta iso, don ya ga inda take cijewa. A gonar Datti maƙwabcina take cijewa. Datti bai shuka komai ba a bana, an rubuta masa babu, ita kuma an ce ta raba ruwa da yawan abin da aka shuka. Yaron ya ce ba a raba abu gida babu, shi ya sa ta tsaya. Ya koya mata in ta ga babu ta wuce. Ban yi mamaki ba. Datti ya saba tsayar da aikin mutane.

Wata rana wuta ta ɗauke, gilashin ya yi baƙi, aikin safiya duka ya tafi, domin bai ajiye shi a faifan adana aikin na'urar ba. Ya daɗe yana kallon gilashin. Kefas ya ce abin da ba zan maimaita ba, sannan ya ba ni haƙuri. Daga ranar, ko tari janareta ya yi sai yaron ya ajiye. Wata rana kuma injin buga takarda ya yi ta aman alamomin da ba na Turanci ba, ba na Larabci ba. Yaron ya fara bayani tun daga farko, ya yi nisa, Kefas ya sunkuya bayan tebur ya tura wata waya da ta saki. Ranar zamana bai yi amfani ba, amma na zauna har ƙarshe tunda na riga na zo.

In abin ya yi tsauri, sai ya raba umarnin biyu, ya gwada rabin farko shi kaɗai, in lafiya lau ne ya san ɓarnar tana ɗaya rabin, ya sake raba shi. Ban fahimci yawancin abin da yake faɗa ba. Amma na ji muryarsa a waɗannan safiyoyi fiye da duk abin da na ji tun haihuwarsa. Muryar yayana marigayi ce. Ban san da haka ba.

Da sakin ruwa ya matso, saura matsala ɗaya. Na'urar ba ta tsayawa da kuka, ba ta kuma gamawa. Sai ta yi shiru, ɗan haske yana ƙiftawa, tana zagaye wuri guda kamar akuya a turke. Ko a bar ta har la'asar haka za a same ta. Kefas ya ce in an ci wannan an gama, ya ce har an tambayi ranar da Ibrahimu zai iya tafiya Kaduna.

Washegari ban je ba. Kefas ya zo, na ce gwiwa. Ya sake zuwa, na ce gwiwa.

Barira ta ajiye min tuwo da yamma, ba ta tashi ba.

"Malam, gwiwar da ta kai ka kasuwar Bunkure jiya?"

Na ce kasuwa daban. Ta ce mutumin nan ba ya cin abinci. Ta ce da zamanta zai yi amfani da ta je, amma ita ba ya tsoronta, tsallakewa zai yi. Na ce ta ɗauke kwanon in ta gama magana. Ta ɗauke da tuwon a ciki.

Ana jibi za a saki ruwa, da la'asar ina bakin gona, sai ga yaron da kayan ofis. Ya gaishe ni daga nesa, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki fartanya, ya shiga gyaran kunya inda za a zuba alkama. Bai roƙe ni komai ba, bai aiko kowa ba. Na tsaya ina kallo ko zan ga kuskure. Babu. Kunyoyinsa sun miƙe, ya bar wa ruwa hanya yadda ake bari. Ya iya, kuma zai yi har ya tsufa ba tare da ya ce uffan ba. Wannan ne ya ɓata min rai. Na bar shi a can na tafi masallaci.

Da safe na sa babbar riga. Na riga masinja isa.

Yaron ya shigo ya gan ni a kujera, ya cire takalmi, ya durƙusa a kwalinsa. Hannunsa ya yi kanta. Kefas ya jingina da ƙofa, ranar bai yi dariya ba. Yaron ya fara. Ya ce a nan an gaya mata yawan ruwan da kanal ke da shi a rana. Ta ba gonar farko ta cire, ta ba ta biyu ta cire, ta yi ta yi, sai ta tsaya in abin da ya rage ya zama babu daidai.

Ya maimaita kalmar ƙarshe a hankali. Sannan ya ce ai ba ya zama daidai. Kullum sai ɗan guntu ya rage, ta cire rabon gona guda daga guntun, ta tsallake babu ta faɗa ƙasa da shi, ta ci gaba da rabon ruwan da ba ta da shi tana jiran ranar da ba za ta zo ba. Ya miƙa hannu, ya canza abu kaɗan, ya ce mata ta tsaya in ta kai ko ta wuce. Ya ajiye a faifai. Ya danna.

Injin takarda ya kama ƙara. Kefas ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya yage ta, ya fita da sauri wajen babbansu.

Ban lura ya fita ba. Na ce, "Ka tambaye shi, ya tabbata babu saura?"

Babu wanda zai tambaye shi. Mu biyu ne a ɗakin. Ya ɗan jira, sannan ya amsa da kansa.

"Baba, ba a taɓa tabbatarwa."

"To ka duba."

Ya koma layin farko. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba, ni ma ban ce ya yi ba. Har aka kira azahar ba mu sami komai ba.

Ya tafi Kaduna bayan an shuka alkama. Rabin gonar da ke ƙetaren kanal na ba Datti aro.