Idan Namiji Ya Taɓa Ki

Mai ɗinkin tana gwada wa autarta sabuwar rigar makaranta, allura a baki, sai hannunta ya ji wani abu mai tauri a kan cikin yarinyar. Ta ɗaga shimi. Ɗankwali ne aka naɗe cikin da shi, an ɗaure tamau har ya kwanta a fata.

Ta tambaye ta mene ne haka. Auta, 'yar shekara goma sha biyu, ta sunkuyar da kai.

"Mama, ciki gare ni."

Allurar ta faɗi. Uwar ta lallaɓa ta zauna a kujerar keken ɗinki. Sai yanzu ta tuna cewa sati uku ke nan yarinyar ta rage cin abinci, kuma da babanta ya yi sallama take shigewa ɗaki. Ta tambaye ta wa ya yi mata.

"Baba ne."

Shekara ashirin suna tare da mutumin nan. A ranta har ta gama ɗaure kayanta. Amma ta daure, ta ce a faɗa mata komai, a ina, yaushe, ba mai dukanta.

A bakin babban titi ne, in ji Auta, ranar da ta raka shi kantin magani. Wata mota ta taho a guje, ya kama hannunta ya ja ta baya, bai saki ba sai da suka tsallake.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan. Ba ke kika ce ba, ranar da na fara ganin jini? Kin ce na girma, in namiji ya taɓa ni zan yi ciki."

Haka kuwa ta ce, babu ragi. Haka ita ma uwarta ta gaya mata, a tsaye, tana kallon bango. Ran nan ta miƙa wa Auta audugar mata, ta yi jimla ɗaya ta fice, a ganinta ta sauke nauyi. Sai yanzu ta gane cewa da wani ne ya yi wa yarinyar taɓawar gaske, haka za ta ɗaure ciki ta yi shiru.

Ta kwance ɗankwalin a hankali. Wata mai karɓar ɗinki ta leƙo, ta ba ta haƙuri ta dawo gobe, ta tura ƙofa.

"Ba ki da ciki, Autata. Da riƙe hannu yana sa ciki, ai da kowace motar haya ta zama ɗakin haihuwa. Ni ce na ba ki rabin magana. Matso."

Ta ɗauki allin ɗinki, ta zana jikin mace a kan teburin yanka. Da ta zo wurin da a gidansu ba a taɓa kiran sunansa ba, harshenta ya yi nauyi. Auta ta zuba mata ido tana jira. Ta haɗiye kunya, ta kira shi da sunansa.