Wayoyin da Sajo Ya Miƙar

Sajo mai wayarin mota ne a tashar Maigatari, kuma ya iya aikinsa. Direbobin da ke lodin hatsi zuwa Damagaram, in fitila ta ɗauke musu, shi suke nema. Hanyarsa ɗaya ce tun yana saurayi: ya fizge wayoyin duka, ya jera su a miƙe, ya ɗaure. In ya kuskure, fis ya ƙone, ya canza fis, shi ke nan. Abin da ya tsana a duniya shi ne ya ga waya ta hau kan waya.

'Yarsa Muhsina kuwa kwamfuta take yi. A ɗakin da ke jikin zaure ta kafa tebur, tana buga wa mutane katin biki da kalanda da takardun jarrabawa. Damuwarta ɓera. Bayan gidan siton gero ne, ɓerayen wurin sun ƙoshi sun raina kowa, har cikin kwamfutar suke shiga su gwagwiyi wayoyin da ke fitowa daga akwatin wuta. Shi ya sa ta yi sautu daga Kano aka kawo mata wata saƙaƙƙiyar riga baƙa da ake zura wa waya, da 'yar roba wadda in ta ji zafi take tsukewa ta kame bakin rigar.

Ranar da ta fara, Sajo ya tsaya a kanta yana kallo. Sai ta zare waya ɗaya daga filogi da allura, ta zura mata riga, ta sa roba, ta kara mata wutar ashana, ta mayar da ita raminta, sannan ta taɓa ta gaba.

"Ke, a haka ai sai azumi ya zo ya same ki a nan. Cire su duka mana."

"Baba, wannan fa ba gingimari ba ce."

"Wuta dai wuta ce."

Ta yi dariya ta ci gaba da abinta.

Ran Alhamis da safe ta gama. Babu wuta, ba ta samu ta gwada ba, ga uwarta Asama'u tana jiranta su tafi suna Sule Tankarkar. Da azahar Sajo ya dawo cin abinci, ya leƙa ɗakin, ya buɗe marfin kwamfutar. Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Kowace waya ta sha baƙar riga, bakinta a tsuke tsaf. Sai idonsa ya kai kan ƙaramin filogin da ke shiga ma'ajiyar kwamfutar, inda duk ayyukanta suke. Wayoyi biyu sun haye juna kafin su shiga rami.

Ya ce a ransa yarinya dai yarinya ce. Ya ɗauki allurar, ya zare wayoyin filogin duka, ya tsefe su, ya mayar da su a jere ɗaya gefen ɗaya. Da yake duk riga iri ɗaya suka sa, ba ja ba rawaya, bai ma ga abin tsayawa tunani ba. Ya mayar da marfi. Bai zo masa a kai ba cewa haka kamfani ya yi su, a harɗe.

Washegari aka kawo wuta. Yana bakin ƙofa da butarsa a hannu, yana jira kwamfutar ta tashi ya ce wa Muhsina har shi ya sa hannu. Ta danna. Aka ji wani ɗan ƙas, sai siririn hayaƙi, sai ƙaurin roba ya cika ɗakin.

Ta yi maza ta zare soket.

"Na juya waya," ta ce a hankali. "Wallahi ɗaya bayan ɗaya na yi su."

Sajo ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ko wutar ce ta zo da ƙarfi?"

"Ga fanka nan tana juyawa lafiya, Baba. Ni ce."

Ya wuce masallaci.

Ma'ajiyar kaɗai ta ciro ta kai wa wani mai gyara a Gumel, ya ce ta ƙone, babu abin da zai fito. Ta dawo ta lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, ba ta ƙara buɗe ta ba.

Sai ga Malam Manu, shugaban wata 'yar makarantar kuɗi a unguwar, wanda tambayoyin jarrabawarsu gaba ɗaya suke cikin ma'ajiyar. Sajo yana zaure a kan tabarma da rediyonsa, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Na ce a kai Gumel, aka ce ai ga 'yar Sajo, ta iya. Ashe ke kwalliya kika zauna yi wa waya. Amarya ce? Me zan ce wa malamaina? Su sake zama su rubuta daga farko?"

"Ka yi haƙuri, Malam. Laifina ne."

"Na san laifinki ne. Abin da ba ki iya ba, ki bar wa maza."

Sajo ya ƙara muryar rediyo. Da Manu zai fita ya tsaya yana sa takalmi.

"Malam Sajo, kada ka ga na yi zafi. Da kai ta ba wa ka yi mata, da ba a kai ga haka ba."

"Allah ya kyauta," in ji Sajo.

Daga ranar tuwo ya daina wuce masa. A tasha ya yi wa wani direban Damagaram masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har mutumin ya ja motarsa ya kai wa wani. Kullum zai ce yau zan gaya mata, in ya shigo ya ga zanen nan a kan tebur sai ya zarce ciki. Mutumin da duk tasha ke ce wa oga, ya durƙusa ya ce wa 'yar cikinsa ya ɓata mata aiki? Ya fi masa sauƙi ya sayo mata tsire. Ya sayo. Ta yi godiya ta miƙa wa uwarta.

Asama'u ce ta gaya masa. "Malam, 'yarka fa ta yi ciniki da wani ɗan Gagarawa, zai ɗauki injin buga takardun. Ta ce ta bar sana'ar, hannunta ba na wannan aikin ba ne. Ka yi mata magana, maganarka take ji."

Da la'asar yana alwala a tsakar gida, Muhsina ta fito da baƙar leda ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ragowar rigar wayar ce da robar.

"Baba, ga wannan ka sa wa motoci, kada ta lalace a banza. Kai ne ka iya."

Ya ajiye butar. Ruwan yana ɗiga daga gemunsa.

"Ranar da kuka tafi suna na buɗe kwamfutar. Ƙaramin filogin nan, na ga waya biyu a harɗe, na miƙar da su. Aikinki daidai yake. Ni na ƙona ta."

Asama'u ta tsaya da tankaɗe. Muhsina ta miƙe ta shiga ɗakin. Suka ji ta yaye zane, suka ji ƙarar marfi. Ta ɗan jima sannan ta fito riƙe da wayar, tana juya filogin a hannunta.

"Ranar da Malam Manu ya zo kana zaure, Baba."

"Ina zaure."

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

Ya jira ta yi kuka ko ta ɗaga murya, da ya fi son hakan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sunkuya ta ɗauke ledarta.

"Ɗan Gagarawa gobe zai zo," in ji Asama'u.

"Ki ce masa na fasa, Inna." Ta juya wajen ubanta, idonta a ƙasa. "Amma Malam Manu bai sani ba. Ya gaya wa duk malamansa."

Sajo ya ƙarasa wanke ƙafarsa. Ya yi sallarsa a nan tsakar gida, ya ɗauki hula, ya nufi gidan Manu, daidai lokacin da majalisar ƙofar gidan take cika.