Kunnen Fannami

Duk Haɗejiya babu bakaniken da ya kai Fannami kunne. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwon motarka tun ba ka gama gaisuwa ba. Shekara talatin yana wannan aiki, tun zamanin da manyan motoci ke jidar gyaɗa zuwa tashar jirgi ta Malam Madori. Abin da ya fi yabo a jikin mota kuwa sarƙar taimin ce, wato sarƙar nan ta cikin inji da ke sa bawul su buɗe su rufe daidai lokacinsu.

"Sarƙa 'yar halak ce," haka yakan ce. "In ta gaji sai ta gaya maka. Wata uku za ta yi tana kwaram-kwaram tana roƙonka. In ka ƙi ji, kai ka so."

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kowa ya haukace da sayen mota. Ja'afaru, malamin gona a Guri, mijin Rahmatu autar Fannami, shi ma ya je Kano ya sayo wata 'yar ƙarama. Shi kam ba don fankama ya saya ba. Haihuwar Rahmatu ta baya da ƙyar aka sha, jaririn ma bai zo da rai ba, kuma Saratu ungozomar asibiti ta ja masa kunne: in wani cikin ya zo, da naƙuda ta taso a kawo ta Haɗejiya, don mai yiwuwa sai an yi mata aiki. To ga cikin ya zo.

"Baba, ga ta nan," in ji Ja'afaru ranar da ya kawo motar gareji. "Ba na son komai sai ranar da aka neme ta ta tashi."

Fannami ya kafa sukudireba ya saurara. Shiru. Ya matsa gaba, inda sarƙa ke zama, ya sake saurara. Ko 'yar ƙara babu. Abin ya ba shi mamaki, ya kwance murfin. Maimakon sarƙa sai ga wani baƙin bel na roba mai haƙora, yana zagaye da ƙafafun inji, a bushe ƙamas.

"Kai! Waɗannan mutane ba su da imani," ya ce. "Roba? Kuma ko ɗigon mai ba su ba ta ba?"

Shi a saninsa sarƙa cikin baƙin mai take kwana take tashi, kuma duk abin da ke juyi a inji in bai sha mai ba cinyewa yake. Sai ya ɗauko gwangwaninsa mai dogon baki ya bi bel ɗin da mai, haƙori bayan haƙori, har ya yi sheƙi. Daga ranar, duk ƙarshen wata in Ja'afaru ya shigo gari sai ya kawo motar, Fannami ya ajiye aikin kowa ya shayar da bel ɗin da hannunsa. Kada wani ya ce mini sakaci ya yi. Wallahi ko motar Razdan, Baturen mulki, bai taɓa yi wa wannan hidima ba.

Akwai wani Habila, mutumin kudancin Zariya, da ya koyo gyaran sababbin motoci a Kaduna ya buɗe gareji a bayan tasha. Da an tambaye shi da ya faɗa. Amma wa zai tambaye shi? Fannami "bakaniken littafi" yake ce masa, ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su.

Cikin watan Agusta, ruwa ya cika fadama fal, Fannami ya je Guri gyaran injin niƙa. Da hantsi yana tsugune cikin garin hatsi da baƙin mai sai ga Ja'afaru a guje, hula a hannu.

"Baba, abin ya taso. Saura sati uku aka ce, amma ya taso."

Mata suka fito da Rahmatu suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar gwaggon Ja'afaru. Aka tayar da mota. Fannami ya ce a dakata, ya ɗaga bonet, ya kafa sukudireba ya lumshe ido. Injin na tafiya sumul, babu abin da ke kuka.

"Lafiya lau take. Mu tafi."

Ya shiga gaba ya kafe idonsa a kan hanya. Uba ba ya kallon 'yarsa a wannan hali, ba ya ma nuna ya san abin da ake ciki. Sai dai kunne ba shi da murfi, duk nishin da ta yi a bayansa yana jin sa har cikin hanjinsa.

Hanyar tudun ƙasa ce siririya, ruwa dama ruwa hagu, shinkafa ta nutse sai kawunanta. Sun yi kamar mil goma, mota ta mutu. Ba ta yi tari ba, ba ta yi ƙara ba, ta gangara kaɗan ta tsaya. Ja'afaru ya murɗa makulli, injin ya juya fayau ba nauyi. Fannami ya fita ya ɗaga bonet.

Ya kwance murfin. Bel ɗin ya tsinke. Ya kumbura, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata, haƙoran sun zube a ƙasan murfi. Innalillahi! Da sarƙa ce, ai akwai 'yan gaɓoɓi a jakarsa, minti ashirin ya haɗa ta. Ya zaro waya ya ɗinke bakin da baki, ya mayar, ya ce a murɗa. Juyi ɗaya robar ta yage. Ya sake ɗinkewa, ta sake yagewa. A na uku babu ma inda waya za ta kama.

Babu motar da ke bin hanyar a irin wannan lokaci. Rana ta take, azahar ta wuce, sannan Ja'afaru ya hango wani masunci ya yi ta kururuwa har ya juyo da kwalekwalensa. Suka sa Rahmatu a ciki. Fannami ya zauna a goshi ya ba su baya. Masunci na tura gora, jirgi na ratsa ciyawa a hankali, shi kuwa yana sauraren nishin yadda yake sauraren inji. Ya ji yana raguwa. Ya ji tazara na shiga tsakaninsa. Gab da la'asar, ana hango bakin babbar hanya, ya ji ya tsaya. Ya riga gwaggon sani, ya zauna yana jiran salatinta.

Bayan sadakar bakwai tarakta ta jawo motar gari. Fannami ba shi da kayanta, dole aka kai ta wurin Habila, Fannami ma ya bi Ja'afaru, karo na farko da ya taka garejin. Habila ya yi musu ta'aziyya, ya ce bawul sun lanƙwashe, sannan ya ɗaga bel ɗin da yatsa biyu yana juya shi. Mai ya ɗiga a ƙasa. Ya leƙa injin ko akwai inda ke yoyo, bai gani ba.

"Malam Ja'afaru, wa yake zuba wa wannan mai?"

"Baba ne," in ji Ja'afaru. "Allah ya saka masa, bai taɓa fashin wata guda ba."

Habila ya ajiye bel ɗin, ya shiga goge hannunsa da tsumma, ya yi ta gogewa.

"Faɗi mana," in ji Fannami.

"Baba, ƙaddara ce."

"Na san ƙaddara. Ba ita na tambaye ka ba."

Habila ya sunkuyar da kai. "Ba a sa masa mai, Baba. Mai cinye robar yake. A bushe aka yi shi ya zauna."

"Da an bar shi fa?"

"Da ya ƙara shekara biyu."

Ja'afaru ya juyo ya dubi surukinsa, bakinsa a buɗe. Fannami bai dube shi ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki bel ɗin, ya shafa wurin da haƙoran suka zube, man da ya zuba da hannunsa ya cika masa yatsu.

"Wata bakwai," ya ce. "Wata bakwai ina sauraren sa, bai ce mini komai ba."